Jan Biron Apa Zaibun

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Mayu, ina tsaye a tashar Roma Street ina jiran jirgin ƙasa, saƙon Farzana ya shigo wayata: mahaifiyarta, Zaibun Nisha Buksh, ta rasu bayan jinyar wata biyu. Washegari aka kai ta makwancinta a Mount Gravatt.

Apa muke kiranki, mu 'yan Fiji da ke ofishin, wato yaya, har Turawan ma suka ɗauka. Shekara shida teburina na jikin naki. Tun da kamfaninmu ya fara ƙera ɗan aiken nan mai ƙirƙirarriyar basira, wanda ke tsara wa asibitocin karkarar Queensland lokutan ganin likita, aikinki ya koma abu ɗaya: duba bayanin da muke rubuta masa a kan kowane kayan aikin kwamfuta da zai yi amfani da shi. Shi ba ya ganin cikin kayan, abin da muka rubuta kawai yake karantawa ya aikata. Kikan ce, "Baƙo ne mai biyayya. In kin yi masa kwatance a karkace, ba zai tambaya ba, zai tafi ne da saurinsa."

Ba kya yarda ki duba a allon kwamfuta. Sai an buga miki a takarda, ki ɗauko jan biro, ki ce, "To, yanzu ni ce ɗan aiken, ban san komai ba." Tambayoyinki ba sa canzawa. Me yake yi? Yaushe ne bai kamata a taɓa shi ba? In an yi, ana iya warwarewa? Wannan ta ƙarshe ita ce kika fi tsanantawa a kai. Lachlan, shugaban sashenmu, ya taɓa cewa ki miƙo masa abin nan da ke kan tebur. Kika miƙa masa ɓawon ayaba. Ya ce, "Apa, Allah ya shirye ki." Kika ce, "Amin, tare da bayaninka."

Ba zan manta da rotin kabewa, gurasar nan tamu ta Fiji, da kike naɗo mini kowace Litinin ba, shekarar da mijina ya kwanta jinya. Ba ki taɓa cewa don ni kika yi ba. Kullum wai ya yi miki yawa ne.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma amana ce in faɗe shi. Bara na rubuta bayanin wani kayan aiki, na ce yana "cire majinyaci daga jeri". Jerin masu ganin likita na ranar nake nufi. Kika zagaye kalmar da ja, kika rubuta: wane jeri? Ranar Juma'a za a saki aikin, kika ƙi sa hannu. A gaban mutane, a ɗakin taro, na ce miki, "Apa, bayanin kayan aiki ne fa, ba Alƙur'ani ba." Ni da ba na ɗaga murya. Kika dube ni ta saman tabarau, kika ce, "Saleha, ai da shi ne, da malaminki na garin Labasa can Fiji ya tsayar da ke tun a wasalin farko."

Kika sa aka gwada sau arba'in da sunayen ƙarya. Sau uku ɗan aiken ya ɗauko bayanina don cire mutum daga jerin masu jiran wankin ƙoda. Da an saki aikin haka, wata tsohuwa a Longreach da ta ce a ɗaga mata ranar zuwa, sai ta rasa gurbin da ta yi wata takwas tana jira, ba tare da kowa ya sani ba. Na gyara bayanin. Na gaishe ki kamar kullum, na ci rotinki. Amma ban buɗe baki na ce kin yi gaskiya ba, ban kuma nemi gafarar kalmar da na jefe ki da ita ba. Kunya ce ko girman kai, Allah ne masani.

Sau biyu na je duba ki a asibiti, ɗakin cike da dangi, na gaishe ki kawai na fito. Da kika aiko cewa zaman banza ya ishe ki, a kawo miki aiki, sai na buga wani sabon bayani na ba Farzana. A ƙasansa na rubuta da fensir: Apa, ki yafe mini maganar ranar nan.

Ranar sadakar uku Farzana ta kira ni gefe ta ba ni takardar. Gyara bakwai kika yi mata, kowanne a wurinsa. Kika zagaye "ranar nan" da ja, kika rubuta: wace rana? A fayyace. Ƙasa kaɗan kuma: Na dai gane. Na yafe. Wannan ba a iya warware shi.

Allah ya jiƙanki, Apa. Ya yafe miki fiye da yadda kika yafe mini, ya haskaka kabarinki, ya sauƙaƙa miki amsa tambaya, ya ba ki littafinki a hannun dama. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Haroon, da Farzana da ƙaninta Rizwan, da 'yan uwanki na Lautoka da Auckland, da abokan aikinmu baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.