Turai da Ƙarfen Likita

Turai ta ƙauyen Barkiya mace ce da ba ta iya zaman banza ba. Da sana'ar daddawa ta aurar da 'ya'yanta, kuma ba a taɓa jin ta ce wash ba. Abu guda ya addabe ta, ƙwannafi. Shekara da shekaru tana jiƙa kanwa tana sha.

'Yarta Hasana, da ke aure a Dutsin-Ma, ita ta gaji ta ja ta asibiti a Katsina. Aka zura mata wani siririn bututu mai kyamara ta baki, aka tsinko ɗan nama aka auna. Likita ya ce ciwon daji ne a hanyar abinci, amma ko ƙwayar wake bai kai ba, bai yi saiwa ba. Ta bakin nan za a kankare shi, babu yanka. Turai ta dawo gida har da 'yar dariyarta.

Sai mijinta, Malam Badamasi. Kai, mutumin nan akwai taurin kai!

"Daji? Wa ya ce maku ana taɓa daji da ƙarfe? Ko allura ba ya so. Ba inda za ki."

"Malam, likita ya ce yanzu ne lokacinsa."

"Likitan ke aurenki?"

Hasana ta durƙusa tana kuka. Ya ce in ta sake fita da uwarta bai yafe mata ba. Turai ta ji tsoron ciwon, wallahi, amma tsoron bakin uba a kan 'yarta ya fi. Ta zauna.

Aka shiga jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Damina ta wuce, wata ta zo. Tuwo ya daina wucewa, aka koma kunu, daga baya kunun ma sai an tace. Ƙarshe yawunta take tofarwa a gwangwani.

Da ta zama fata da ƙashi, shi da bakinsa ya ce a kai ta. Likita ya sake dubawa. Ya ce ciwon ya bazu, sai dai a rage mata zafi.

A mota, za su koma gida ta hanyar Kurfi, Turai na jingine da Hasana, idonta biyu. Badamasi ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Kin gani ko? Tun ranar da kika sa aka zura mata ƙarfen nan ya harzuƙa. Ke kika kashe uwarki."

Turai ta buɗe baki za ta kare 'yarta, amma ciwon ya riga ya cinye muryar.