Shanyar Gero a Bakin Titi

Gidanmu a Anka yana bakin titi ne. Tsakanin katangarmu da kwalta akwai kwata da aka rufe da siminti, kuma wannan ɗan shafen shi ne hanyar ƙanwata.

Tana jaririya gubar dalma ta kama ta a ƙauyenmu Yargalma, lokacin da ake daka dutsen zinariya a cikin gidaje. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ƙafarta ta hagu sai ta ja ta, kuma ƙarar babur tana firgita ta har ta sandare a inda take. Idan za ta Islamiyya da la'asar, katanga take dafawa, daga tamu zuwa ta maƙwabta har ƙofar makaranta. Ba ta yarda a riƙe mata hannu. Nakan leƙa ta zaure ina kallon yatsunta suna bin jar ƙasar bango kamar mai karatu.

Sai wani Alhaji mai sayen zinariya ya kama shago kusa da mu. Inuwar dogon-yaron ƙofar gidanmu ta yi masa, direbansa ya riƙa hawa shafen da farar motarsu yana manna ta da katanga, ko akuya ba ta ratsawa. Wata la'asar na tarar da ƙanwata tsaye a bayan motar, allonta a ƙirji, babura suna wucewa a guje ta wajen da ya rage mata. Ta daɗe a haka, sannan ta juyo gida. Daga ranar ta daina zuwa makaranta, wai kanta ke ciwo.

Baba ya yi wa Alhaji magana a masallaci. Alhaji ya ce to, in sha Allahu. Washegari motar tana nan. Baba ya ce a yi haƙuri, mai jama'a ne, mu kuwa zuwa muka yi. A kwanakin na ji a rediyo ana zancen biranen da suka hana ajiye mota a hanyar masu tafiya a ƙasa. Na yi ta tunanin irin waɗannan garuruwa, amma na san kafin dokar ta iso ƙofarmu ƙanwata ta manta hadda.

Inna ta surfe gero wata safiya, ta wanke, ta ce in shanya a tsakar gida. Na ɗauki tabarmi na fita da shi waje. Na shimfiɗa su a kan shafen, na baza geron, na bar wata siririyar hanya a jikin katanga daidai mutum guda. Na ɗauko kujera 'yar tsugunne da littafi da tsumagiyar korar kaji, na zauna.

Da hantsi motar ta iso. Direban ya yi ta danna hon, ban ɗaga kai ba. Alhaji ya sauke gilashi.

"Ke ɗiyar ga, kwashe hatsinki."

"Ina kwana, Alhaji. Bai bushe ba."

"Babu tsakar gida a gidanku?"

"Akwai. Wurin ga ma namu ne. In kana iya taka abinci, ga shi nan."

Ni da ko ciniki a kasuwa ban iya ba, yau ga ni ina ja da Alhaji. Masu shayi da mai faci suna kallonmu. Direban ya dubi geron ya dubi ubangidansa, ya ce shi dai ba zai hau hatsi da taya ba, ko za a karɓe makulli. A garinmu yaro ma in ya ga ƙwayar dawa a ƙasa ɗauka yake yi. Suka ja da baya, suka tsaya can ƙetaren titi cikin rana.

Ƙara ta kai wurin Baba kafin azahar: budurwa mai ilimi ta zauna bakin titi tana mayar wa manya magana. Baba ya shigo ransa a ɓace. Inna ba ta daina tankaɗe ba, ta ce masa gero nata ne, kuma gobe akwai kuɓewa, jibi barkono. Baba ya dube mu ya fita.

Haka na yi ta zama, rana tana juyawa a kaina, kaji suna gwada ni, mata masu wucewa suna faɗin abin da suke faɗi. Duk ranar da ban fito ba motar tana dawowa, saboda haka na daina fashi.

Ƙanwata ba ta fita nan da nan ba. Sai wata la'asar ta fito da allonta, ta tsaya a bakin zaure tana duban siririyar hanyar. Na miƙe zan raka ta.

"Zauna, Yaya," ta ce. "Kaji za su ci."

Ta dafa katanga ta wuce.