Gatarin Malam Sale a Kwandon Tumatir

Jama'a, yau na ga gatari yana tashi sama a kasuwar Kura!

Kututture uku ne suka tsaya min a gona, ga shi jibi za a sako ruwa. Na je wajen Malam Sale maƙeri sayen gatari, sai rantsuwa yake: "Hajiya, ƙarfen sifirin mota ne!"

Na ce, "Ni ban zo sayen rantsuwa ba. Ga gungume, sara mu gani."

Ya ɗaga, ya kai sara. Ƙota ta tsaya a hannunsa, ƙarfen ya yi sama, sai cikin kwandon tumatirin wata dattijuwa! Ta shaƙe masa wuyan riga tana salati.

Na juya wajen maƙerin da ke kusa da shi. Tun ban buɗe baki ba ya ce, "Hajiya, zan sara, amma bari a kwashe tumatir tukuna."