Muryar Hajo a Tukunyar Toka

A Tsibiri aka haife ni, a wani gida da babu shi yanzu. Abin da ya fi zama mini a rai daga gidan nan shi ne ƙamshin ƙwarya idan ƙarfe mai zafi ya taɓa ta. Kakarmu, Kaka Dela, zanen ƙwarya take yi. Lokacin ɗari, da an gama cin tuwo, sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta cusa ƙarafunanta a cikin garwashi, ta ɗora ƙwarya a cinya. Mu uku muke zagaye ta: Yaya Nomau babbanmu, sai Hajo, sai ni auta.

Ba ta fara tatsuniya sai ƙarfe ya yi ja. Takan zaro shi, ta tofa masa yawu, in ya yi cuu sai ta ce, "Ƙarhe ya yi, baki ya yi. Ta shigo ko ta wuce?" Mu ce, "Ta shigo!" Sai ta dube ni ta ce, "Kai mijina, ka ce ta shigo, kuma kai ka fara kwana. Mi ad daɗin aure da rago?" Gaskiyarta. Sau da yawa barci ke kwashe ni a kan ƙafar Hajo kafin a kai ƙarshe.

Tana magana tana juya ƙwaryar. Daga gindi take farawa, tana zagayawa a hankali har ta kai baki. Tana da ƙarfe mai kauri na ƙwaryar kasuwa, tana kuma da wani siriri kamar allura, wanda ba ta fiddowa sai ƙwaryar amarya. Da siririn nan takan zuba zanen da ya ninka na mai kaurin, a fili guda.

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda muka fi roƙo, ta matar mai ginar rijiya. Wai wani mutum ne mai ginar rijiya, yana da wata waƙa da yake yi in ya sauka ƙasa, don matarsa ta ji daga sama ta san yana da rai. Da ciwon ajali ya kama shi, sai matar ta kawo sabon tulu ta kara masa a baki, ta ce ya yi mata waƙar a ciki. Ya yi, ta liƙe bakin tulun da yumɓu, shi kuma mijin ya cika. Ta kai tulun ƙuryar ɗaki. 'Ya'yanta suka yi ta roƙo ta buɗe su ji muryar ubansu, ta ce a'a, in ta buɗe za ta fice, ba ta da wata. Shekaru suka tura, ta tsufa, idonta ya tafi. Ran nan kewa ta ci ƙarfinta, ta fasa yumɓun, ta kara kunne. Ba ta ji kome ba sai irin hucin da kowane tulu ke yi. Tana cikin kuka sai ta ji ana daka a tsakar gida, mai dakan tana waƙa. Ashe 'yarta ce, wadda ta laɓe bayan zana ranar da uban ya yi waƙar. Tun ranar take yin ta a bakin turmi, uwar ba ta taɓa saurara ba, hankalinta na kan tulu.

A nan Kaka Dela ke ajiye ƙarfe ta yi waƙar. Murya gare ta ƙarama, mai ɗan rawa. Ko Yaya Nomau da ke ji da girma yakan sunkuyar da kai. In ta gama sai ta tsoma ƙarfen a ruwa ta ce, "Ya huce, na huce. Ku tashi."

Kaka ta rasu muna samari. Yaya Nomau ya koma Jiratawa ya kama noma da lambu. Ni na shigo Maraɗi na koyi ɗinki, na yi aure, na zauna unguwar Zariya. Na riƙe ƙashin tatsuniyar, amma waƙar ta zube mini a hanya ban san ranar ba. Hajo ce ta riƙe kome, har da rawar muryar. In tana ba 'ya'yanta, ka rufe ido, sai ka rantse Kaka ce. Ni kuwa ban taɓa cewa ta koya mini ba. Gani nake Hajo na nan, gidanta ko kabu-kabu ba sai na hau ba.

Ɗanta Sani shi ya zama mai ɗaukar hoton biki. Da jikin Hajo ya fara rauni, sai ya ce zai ɗauke ta tana tatsuniyar. Ya zo da kamara da la'asar don haske, ta ce faufau.

"Da rana? So kake in ɓace a kasuwa?"

"Inna, yaushe rabonki da kasuwa?"

"To in ɓace a gado? Ka jira magariba, marar kunya."

Dole ya jira, ya kafa fitila. Ta sa aka hura mata wuta a kasko, ta yafa zanenta na fita. Ina gidan ranar. Na ji farkon, sai wani ya yi sallama da ni a waje kan maganar ɗinki, na fita. Da na dawo an gama, ana dariya.

Bayan kwana biyu Sani ya kira ni shagonsa ya nuna mini. Ban taɓa ganin hoto irin wannan ba. Tsagar fuskarta ɗaya bayan ɗaya, furfurar da ta leƙo daga ɗankwali, har hayaƙin kasko yana bi ta gefen idonta. Ya fiddo faifan da ya zuba hoton a ciki ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce in kama ta gefe.

"Kawu, wannan ba irin na kasuwa ba ne."

Na juya shi, na ce ni ban ga kome a jiki ba, madubi ne kawai.

Ya yi mini bayani, kuma na riƙe shi, don kusan duk abin da ya faɗa na taɓa gani a cinyar Kaka. Ya ce a jikin faifan akwai layi guda ɗaya, ya taso daga tsakiya yana zagayawa har baki, siririn da ido ba ya gani. A kan layin nan haske ke ƙona 'yan tabo, nan tabo, nan fili, nan tabo. In za a kalla, faifan na juyawa, wani haske marar zafi na bin layin, inda ya faɗa kan fili ya dawo da ƙarfi, inda ya faɗa kan tabo ya dawo da rauni. Daga wannan bambanci na'ura ke harhaɗa hoto da murya, ko takarda, ko duk abin da aka zuba. Faifan kasuwa da jan haske ake rubuta shi, bakinsa da kauri. Wannan kuwa shuɗin haske ne, bakinsa ya fi tsini, shi ya sa tabon suka fi ƙanƙanta, layin ya fi matsewa, ya ɗauki abin da faifan kasuwa da yawa ba za su ɗauka ba.

Na ce, "Ƙarfen ƙwaryar amarya ke nan."

Bai san zancen ba, ya yi dariya dai. Ya ƙara da cewa rubutun yana dab da fuskar mai ƙyalli, fata ce siririya ta rufe shi. An yi wa fatar tauri, kuma in ƙarzuwa kaɗan ce na'ura na iya cike gurbin, don ana rubuta ƙarin bayani saboda haka. Amma in ta yi yawa, ko rana ta daɗe tana dukansa, shi ke nan.

Hajo ta rasu damina ta gaba. Bayan sadakar arba'in aka ce abin da ya shafi gidanmu na Tsibiri a kai wa babba, kamar yadda aka saba. Ƙarafunan Kaka ma suna wurinsa. Sani ya ce a haɗa da faifan, shi yana da hoton a cikin na'urarsa ta aiki. Ni na kai Jiratawa. Na ce, "Yaya, Hajo ce a ciki, da tatsuniyar Kaka. A adana." Ya karɓa da hannu biyu. Duk bayanin da Sani ya yi mini yana kaina, amma rana ta yi, ina son in koma gari, ban faɗa masa ko ɗaya ba.

Shekaru suka wuce. Wata damina ruwa ya shiga shagon Sani ya kashe na'urar da duk abin da ke cikinta. Lokacin 'yarsa Ummi, mai sunan Hajo, ta yi wayo, tana tambayar kamannin kakarta. Ya same ni ya ce, "Kawu, saura na Jiratawa kaɗai." Muka hau babur ɗinsa muka tafi.

Yaya Nomau ya tsufa ƙwarai, kunne ya yi nauyi. Da ya gane abin da muka zo nema sai fuskarsa ta washe.

"Tana nan lahiya lau. Gara ta ci mini tabarma, ta ci mini takardun gona, amma ita ba ta taɓa ta ba."

Ya kai mu gindin rumbu, ya jawo wata tukunya da aka liƙe bakinta da yumɓu. Ya fasa. Toka ce da rairayi, irin yadda ake ajiye irin wake don kada ƙwari su huda shi. Ya tura hannu har gwiwa ya zaro faifan tsirara. Ya ce gidan robar da faifan ya zo a ciki ya tsage tun shekarar farko, ya ga kyankyaso a ciki, shi ya sa ya sake masa wuri.

"Duk kaka nakan hiddo ta, in shanya ta bisa rumbu ta sha rana, kada sanyi ya kama ta. In goge ta da riga, in maida."

Ya goge shi a hannun rigarsa a gabanmu, ya miƙa wa Sani. Sani ya karɓa, ya dubi fuskar faifan. Ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Ya haɗiye, ya ce, "Allah ya saka, Kawu babba."

Yaya ya ce shi ma sai ya ga ƙanwarsa. Muka taho da shi Maraɗi. Sani ya wanke faifan da ruwa a hankali, ya tsane shi da ƙyalle mai laushi. Da ya ɗaga shi a haske, fuskar duk zane-zane, gefen kuma ya dushe. Ya aro na'urar kallo wurin abokin sana'arsa, ya haɗa da tele bayan magariba. Ta daɗe tana gurnani. Sai ga Hajo.

Yaya ya ce, "La ilaha illallahu," ya matsa har gwiwarsa ta taɓa teburin. Tana gyara zane, tana cewa Sani ya kau da fitila daga idonta. Ta fara. Mai ginar rijiya ya sauka, ya yi ciwo, aka kawo tulu. Hoton na tsayawa yana tafiya, amma muna ji. Rubutun farko yana kusa da tsakiyar faifan, inda rairayi bai ci sosai ba. Da labarin ya yi nisa sai fuskarta ta fara farfashewa gida-gida. Matar ta fasa yumɓu. Ta ji daka. Hajo ta ja numfashi, ta ɗaga hannu kamar yadda Kaka ke ajiye ƙarfe, ta buɗe baki. Nan ya tsaya.

Sani ya mayar, ya sake, ya tsallaka gaba. Babu. Ya kai wa masu gyara daga baya, kowa ya ce abin da ya goge ya goge.

Yaya ya juyo ya dube ni. "Mi ya hana ta yi waƙar?"

Na ce, "Na'urar ce ta gaji, Yaya."

Sai ya ce to mu yi mata. Ya ce da zancen igiya take farawa. Na ce a'a, kamar da kurciya. Ya ce ina na sani, ni da nake barci. Na ce shi ma ai kansa a ƙasa yake. Muka yi ta gardama kamar yara, tsofaffi biyu a gaban hoton Hajo, ƙanwarsa kuma yayata, bakinta a buɗe. Ya gwada rerawa, ya kai kalma uku ya tsaya. Ba ita ba ce, shi ma ya sani. Har ya rasu bai san toka ce ba, kuma na gode wa Sani da bai faɗa ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta wawiyar mace ce. Yanzu ba na ganin wautarta. So ne ya sa ta liƙe tulun, so ne ya sa Yaya ya zuba toka, kowa ya adana da irin adanar da ya iya. Wadda na fi tunawa ita ce yarinyar bayan zana, wadda ta ji sau ɗaya ta kama yi kullum. Mu muna da Hajo shekara da shekaru tana yi a gabanmu, muka bar mata ita kaɗai, da ta gaza kuma muka bar wa faifai.

Yanzu ni ke ba jikoki tatsuniyar, a tsakar gidana, bayan tuwo. In na kai wurin daka sai in ɗaga hannu, in yi shiru gwargwadon tsawon waƙar, don tsawonta dai ban manta ba. Kwanan baya na ji Ummi tana ba ƙannenta. Ta kai wurin, ta ɗaga hannu, ta yi shiru. Ƙaramin ya ce ta ci gaba mana. Ta ce, "Kai, ka bari. Haka take. Nan wurin ba a magana."