Kawu da Littafi na Tara

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai gyaran keken ɗinki ne. Shagonsa wani ɗan tsukukun ɗaki ne a bayan kasuwa, tsakanin mai sayar da maɓallai da mai gyaran agogo. In za ka shiga sai ka karkata kafaɗa, don kawunan kekuna ne jere har bakin ƙofa, kowanne da ɗan ƙyalle mai sunan mai shi. Ya fi shekara talatin a wurin, hannunsa kullum baƙi ƙirin da mai. Ba mafaɗaci ba ne. Ni dai ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai da littafi na tara ya fito.

Bai yi nisa a makaranta ba, da yatsa yake bin layi, leɓensa na motsi. Wata rana wata mata ta kawo gyara, ya buɗe akwatin keken ya tarar da littafi mai yagaggen bango: Masu Gadin Kogin Wuta, na ɗaya. Kafin ta dawo ya ci rabi. Ya roƙe ta aron mako guda, ta ce ya riƙe gaba ɗaya. Shi ke nan ya kamu. Shekara ashirin da biyu yana bin labarin, shi da amininsa Dogo, telan da ke layin gaba. Duk wanda ya fito, sai sun yi wata guda suna tattauna shi.

A cikin mutanen labarin, wata maƙeriya ce tasa. Ita ke ƙera sarƙar da za a ɗaure ƙofar kogin wuta da ita kafin ya cinye duniya. An sare mata hannu a littafi na uku, ta ci gaba da ƙira da ɗaya. Kawu yakan ce ita kaɗai ce mai sana'a a labarin, sauran duk surutu ne da wasa da takobi.

Shekara shida aka jira na ƙarshen, wato na tara. Ranar da ya iso Kawu ya rufe shago, abin da ko ciwo bai cika sa shi yi ba. A rana ta uku da safe, muna karin kumallo da Inna matarsa, ya fito ya maka littafin a kan tebur har shayi ya zube.

"Layi biyu!" ya ce. "Layi biyu ya ba ta!"

"Wa?" in ji Inna.

"Maƙeriya! Zazzaɓi ya kashe ta, wai zazzaɓi! Ko nuna mana marubucin bai yi ba, wani ɗan aike ne ya faɗa a hanya. Sarƙar da ta yi littafi takwas tana ƙerawa, ko tayar da maganarta ba a sake yi ba. Sai ga wani ɗan sarki da ba mu taɓa jin sunansa ba, ya tsaya bakin kogi ya yi masa magana, wuta ta mutu. In da magana ake kashe wutar, me ya sa aka sare wa baiwar Allah hannu?"

"To Allah ya ji ƙanta," in ji Inna. "Zauna ka sha shayinka."

Ya yi mata wani irin kallo, ya ɗauki hularsa ya fita.

A shago abin ya ƙara lalacewa. Dogo ya kawo kekensa da ke tsinka zare, ya zauna a kan benci, ya ce shi fa ƙarshen ya yi masa.

"Haka rayuwa take, mutumina. Mutum yana tsakiyar aiki mutuwa ta ɗauke shi."

"Rayuwa na zauna karantawa?" in ji Kawu. "In na kwance maka keken nan na mayar, na bar noti goma sha ɗaya a kan tebur, na ce maka haka rayuwa take, za ka ɗauka ka tafi?"

"Kai dai so kake ya rubuta abin da ke ranka."

"So nake ya gama aikin da ya fara! Gajiya ya yi, ya rufe murfi a kan ɓarna, kai kuma kana tafa masa."

Dogo ya yi dariya. Dariyar ce ta ɓata komai. Kawu ya ɗauki kan keken ya dire shi a bakin ƙofa, ya ce a kai wa wani.

Ya yi mako biyu yana rubuta wasiƙa, shafi goma sha huɗu, duk abin da marubucin ya ɗauko ya yar, da lambar littafi da ta shafi. Ni na buga masa a waya, na aika wa kamfanin da ya buga littafin, na kuma saka a zauren masu karatu na intanet. Kafin yamma amsa ta wuce ɗari uku. Wasu suka ce ya fanshe su. Wasu suka ce tsoho ya je ya rubuta nasa. Wani ya turo hoton nasa littafin yana ci da wuta, Kawu ya ce wannan kuma sakarci ne, takarda me ta yi masa? Kamfanin ya amso bayan wata guda: suna godiya da ƙaunarsa, kuma ga albishir, an fito da duka taran a cikin akwati mai ruwan zinariya. Ya sa na karanta masa sau biyu. Jijiyar goshinsa ta tashi, ranar ko abinci bai taɓa ba.

Inna ce ta gaji. Ta ji labarin Dogo ya kai keken wurin wani ya ƙarasa lalata shi, ɗinkin mutane ya taru masa.

"Mai littafin nan bai san da zamanka a duniya ba," ta ce. "Dogo kuwa shi ya goya ka zuwa asibiti da ka karye. Wa kake hukuntawa?"

Washegari Kawu ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tsallaka layi. Ya gyara keken tsaf, ba gaisuwa ba kallo. Sai da ya goge hannu zai fita ya juyo.

"Zoben da aka ba mai kwalekwale a na shida, aka ce kada ya cire shi, ina ya shiga?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Wallahi ban sani ba."

"To."

Ya jawo kujera ya zauna, suka ɗora daga inda suka tsaya, har maƙwabta suka leƙo suna ba da haƙuri. Shekara biyu ke nan yanzu. Kawu bai huce ba, Dogo bai janye ba, kuma kusan kullum bayan la'asar sai an ji muryarsu daga bakin kasuwa.