Faten Inna Sadiyatu

A lungun da ke bayan Hubbare, idan aka yi rasuwa, abu biyu ke riga kowa isowa: mai wanka, da langar Inna Sadiyatu. Tsohuwa ce doguwa marar yawan magana, ba ɗa ba jika, tana zaune ita kaɗai a gidan da mijinta Muntari, mai sayar da atamfa, ya bar mata.

Abin da ke cikin langar faten adas ne, wani ɗan ƙaramin wake ja da alhazai ke zuwa da shi daga Makka. A shekarun nan da kuɗin mai suka ɓarke, jirgi na kwasar mutane kamar motar kasuwa, masu dawowa na ɗauko rediyo da agogo da haƙorin zinariya. Ita kuwa duk wanda ya zo yi mata sallama, saƙonta ɗaya ne: mudun adas, da ɗan zabibi.

Tana da tsarinta. Ta zuba a faifai, ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, don ta ce bakin mai kuka bai kamata ya ci karo da dutse ba. Ta jiƙa busasshen dabino da zabibi da tsamiya daban. Albasa ta soyu a man shanu, citta da kanumfari su biyo, sannan a bar tukunyar ƙasa kan wuta kaɗan-kaɗan har waken ya narke. Daga hantsi zuwa bayan azahar, ba ya nuna ƙasa da haka. Wanda ya sha ya san shi: zaƙi-zaƙi, tsami-tsami, yana sauka a cikin da ya ƙi karɓar komai.

A nan ne maganar ta fara. Wata mata ce ta fara lura: an yi rasuwa da azahar, kafin a gama wanka langar ta iso da zafinta. To yaushe aka ɗora tukunyar? Aka tuna na bara, aka tuna na bara waccan. Duk haka ne. Ba wanda ya furta kalmar da ke ran kowa, don kiran mutum maye ba wasa ba ne, amma mata suka fara kallon hayaƙin gidanta da safe kamar yadda maza ke kasa kunne ga rediyo idan aka saka kiɗan soja.

Katanga ɗaya ta raba ta da Uwani, matar Bawa majemi. Shekara ashirin suna miƙa wa juna garwashi ta kan katangar, Uwani na tsokanarta da Hajiyar da ba ta taɓa hawa jirgi ba, ita kuma tana ce mata uwar gidan wari, saboda warin jima da ke bin rigunan Bawa. Da Bawa ya kwanta ciwo, Inna Sadiyatu takan leƙa kullum da safe. Kwana tara tana tambayar mai jiki, ana ce mata da sauƙi, yadda ake ce wa kowa ko da mutum na bakin kabari. Ran na goma Uwani ta ce, tana kallon randa:

“Da sauƙi ƙwarai, Inna.”

Tsohuwar ta yi addu'a, ta koma gida. Ba a jima ba Uwani ta ji ƙarar adas a faifai ta bayan katanga, shar, shar, sai ɗan tsit, sai ƙarar tsakuwa a kwano. Can kuma ƙamshin albasa a man shanu ya hauro. Bawa na numfashi a ɗaki. Har ruwa ya nema ya sha. Ya cika ana kiran la'asar.

Da langar ta iso, Uwani ta karɓa da hannu biyu, ta wuce gaban matan da ke zaune, ta juye ta a kwata. Ta maido langar ba tare da ta wanke ba.

Daga ranar ƙofofi suka fara rufuwa. Ba wanda ya zage ta. Sai dai idan ta yi sallama a gidan da ke da marar lafiya, a ce yana barci. Masu tafiya hajji suka daina zuwa sallama. Aka yi rasuwa biyu a lungun, ta dafa, aka karɓa, aka ba awaki.

Abin da ba su sani ba, ko suka manta, ya faru shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. Muntari na kwance a asibiti, ya ce yana marmarin fatenta. Ta aika a tambayo jikinsa, ƙanensa ya aiko cewa da sauƙi ƙwarai, kada ta damu. Ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ta zauna ta tsince tsakuwarta a natse, ta bar tukunya ta nuna yadda yake so. Ta isa da langa a ka, ta tarar an naɗe katifa. Shin tun daga nan tausayi ke sa ta dafa wa mutane, ko kuwa ba ta taɓa yafe wa kanta makarar nan ba, tana ta tsere da mutuwa ko za ta riga ta sau ɗaya? Ita kanta ba na jin ta sani.

Uwani ta gama takaba, ta ji an ce tsohuwar ta kwana biyu ba ta fito ba. Maƙwabtaka ta tilasta mata leƙawa. Ta same ta zaune a bakin ɗaki, ta rame, faifai a cinya. Bayan gaisuwa, tambayar da ta ci Uwani wata huɗu ta fito: wa ya gaya wa tsohuwar ranar nan cewa Bawa zai cika?

“Ke kinka gaya man, ɗiyata. In mutum na jin jiki, da sauƙi aka cewa. Ran da anka ƙara ƙwarai, an gama. Kowa hakanan shi kai, ba su jin kansu.”

Uwani ta tuno randar da ta kalla ranar nan. Don ta kauce wa maganar, ta ce, “To ke ya jikin naki, Inna?”

“Da sauƙi ƙwa…”

Ba ta ƙarasa ba. Suka dubi juna, suka dubi faifan. Sai tsohuwar ta yi 'yar dariya, ta ce wa uwar gidan wari ta miƙo mata tsamiya tunda tana tsaye.

Washegari bayan azahar ƙamshi ya hauro katanga. Uwani ta zagaya, ta sami tsohuwar kwance ta fuskanci gabas, rai ya yi halinsa. Mai wanka ta ce jikin ya yi sanyi tun hantsi. Amma a murhu itace na ci a hankali, an tura shi ciki daidai yadda ya kamata, tukunya na tafasa ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya ce shi ya iza wutar.

Bayan an kai ta, mata suka cika tsakar gidan, don ko maye ne ana zaman makokinsa. Tukunyar na tsakiya. Kowa na kallon wani wuri. Har gab da magariba ba a taɓa ta ba, kuma kowa ya san idan aka watse a haka, da wane suna za a riƙa tuna tsohuwar.

Uwani ta tashi, ta buɗe murfi, ta cika ludayi, ta sha a tsaye a gabansu. A kurɓa ta biyu haƙorinta ya ci karo da tsakuwa, ta farko da aka taɓa samu a faten nan. Idon tsohuwar ya gaza a ƙarshe. Uwani ta fito da tsakuwar, ta ƙulle a haɓar zanenta, ta sake cika ludayin, ta miƙa wa ta kusa da ita. Matar ta daɗe tana kallon tururin kafin ta miƙo hannu.