Katakon Tante Riek

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, da hantsi, Hendrika Zwanenburg ta rasu a gidanta da ke unguwar Charlois, a nan kudancin Rotterdam, tana da shekara saba'in da ɗaya. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. A takarda kaɗai ake kiranta Hendrika. Mu da muka bi ta masaukin marasa gida, Tante Riek muka sani, wato Gwaggo Riek, har waɗanda suka girme ta haka suke ce mata. Ni sunana Teun, dā walda nake yi a ma'aikatar jiragen ruwa, kuma na daɗe ina tura mata keken ɗaukar kaya. An ce in rubuta wani abu a 'yar jaridar unguwa. Ban iya kuka a gaban mutane ba, a rubutu ma ni ba gwani ba ne, don haka abin da na gani kawai zan faɗa.

Riek, kin tafi kin bar aiki ɗaya a tsakiya, aikin gidan Mirjam, kuma na san da za a ba ki damar tambaya ɗaya, shi za ki tambaya. Zan gaya miki yadda aka ƙare. Amma bari in fara da yadda na san ki, saboda masu karatu.

Ranar da aka ba ni makullin gida, bayan shekara biyu ina kwana a masauki, na buɗe ƙofa na tarar da abin da kowa ke tararwa a gidan hayar kamfani: siminti tsirara, waya tana reto inda ya kamata a ga ƙwan lantarki, taga ba labule. Wanda ya fita ya ɓamɓare komai, har abin da ake takawa, saboda a haka kamfani ke so a mayar masa da gidansa. Na zauna a kan jakata da takalmi a ƙafa, ina tunanin ko an riga an ba wani gadona a masauki. Da yawa cikinmu a nan suke karyewa. Mutum ya yi shekaru yana roƙon ƙofar da zai kulle, ranar da ya samu sai shirun ɗakin ya kore shi. Ina cikin haka kika turo ƙofar ba sallama, kina haki saboda matakala.

"Kai ne sabon attajirin? Tashi, jaka ba kujera ba ce. Akwai katako a ƙasa, ba ni zan hawo da shi ba."

Wannan ita ce gaisuwarmu ta farko, kuma ban tuna kin taɓa yi mini wadda ta fi ta laushi ba.

Kina da ƙa'idojinki, ba kya sauya su don kowa. Daɓen katako ake fara shimfiɗawa, kafin gado, kafin tukunya, domin a cewarki wanda yake taka siminti da safe bai yarda cewa ya tare ba. Kayan ɗaki na katako da na ƙarfe ana tsintar su a titi ranar fitar da tarkace, kuma kin san unguwannin tsallaken kogi da suke zubar da teburin da ba abin da ya same shi sai dai matar gida ta gaji da ganinsa. Tukwane, cokula da labule a shagon gwanjo ake saye. Katifa kuwa da kujerar soso, ko ta zinariya ce, ba a ɗaukar ta titi. Abokina Bertus, wanda muka yi ɗaki ɗaya da shi a masauki, ya taɓa tsintar wata doguwar kujerar fata, ya nemi mutum uku suka hawo da ita bene na huɗu, yana ta washe baki. Kika zo kika ɗaga matashinta kika leƙa ɗinkin. Kika ce masa, "An ba ka gida na mutum ɗaya, kai kuma ka kwaso kuɗin cizo dubu su zauna kyauta? Sauke ta." Ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ya kira ki da sunayen da ba za a buga a jarida ba. Da yamma kujerar ta koma bakin titi.

Katakon daɓen kuwa labarinsa sananne ne. Wani shago ne ya karye shekarun baya, ya bar mota guda ta katakon da ba wanda ya so, kika roƙa aka ba ki, kika tara shi a ɗakin ƙasa na coci. Launin toka ne mai sirkin kore, kamar ruwan da aka wanke kwanuka. Bertus yana kiransa launin asibiti. Sai dai duk ƙira ɗaya ne, kowane falle yana kama bakin ɗan'uwansa ba ƙusa ba gam, kuma ko wanda hannunsa ke rawa zai iya shimfiɗa shi. Ban san gida nawa kika shimfiɗa wa ba, ke ma ba ki taɓa ƙirgawa ba. Abin da na sani shi ne, idan ka shiga gidan mutum a kudancin nan ka ga wannan launin a ƙasa, ba sai ka tambaye shi daga ina ya fito ba.

Ba zan ƙara miki gishiri don kin mutu ba. Kina da faɗa. Kofinki ba ya shawuwa, biskit ɗaya kike miƙa wa mutum ki rufe gwangwani. Idan aka gode miki sai ki ɓata rai kamar an taka ki. Ke ma kin kwana a masaukin nan shekaru ashirin da suka wuce, ba ki taɓa faɗin dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ba wanda ya taɓa wuce kicin ɗinki. Duk da haka na yi kewarki ranar Alhamis ɗin da ta wuce, da na ga an fito da wani kabad mai kyau a titi ba wanda zai ce mini in duba bayansa.

Katakon coci ya ƙare tun bara waccan. Daga nan kika koma kame-kame, nan saura, can saura. A wannan hali Mirjam Oosterhuis ta sami makulli a watan Oktoba. Tana da 'ya, Pien, mai shekara biyu da rabi, wadda ke hannun masu riƙo tun lokacin da uwar ta rasa wurin kwana. Ma'aikaciyar ofishin kula da yara ta ce yarinya za ta fara kwana wurin uwarta a ƙarshen mako idan gidan ya dace. Ta zo sau ɗaya, ta ga siminti da busasshen gam da ƙura, ta ce ba za a ajiye yarinya mai wasa a ƙasa a nan ba. Ta sa ranar dawowa, Alhamis ashirin ga Nuwamba. Idan ta sake tarar da shi haka, sai an sake zama a kan maganar bayan hunturu. Duk wanda ya san Mirjam ya san ba ta da sauran ƙarfin jiran wani hunturun.

Kika ce mata, "Ki bar mini ƙasa, ke ki je ki nemo labule." Da muka fito na tambaye ki ina za ki samo katakon ɗaki biyu. Kika ce, "Tura kekenka, Teun, ba aikin tambaya aka ɗauke ka ba."

An binne ki ranar Litinin. Bayan an dawo aka zauna shan kofi da cin kek kamar yadda aka saba. Yayanki Cor, tsohon direban taragon cikin gari, ya jawo ni gefe. Shi ne ya tarar da ke. Ya ce, "Teun, kai ka fi ni saninta a 'yan shekarun nan. Ta fara ruɗewa ne? A durƙushe na same ta a falo, ta ɗaga rabin daɓen gidanta, ta ɗaure shi dami-dami a bakin ƙofa." Ya ƙara da cewa kamfani yana son gidan a wofi kafin ƙarshen wata, shi kuma ciwon gwiwa ba zai bar shi ya ƙarasa ɗagawa ba. Bertus yana tsaye kusa da mu, ya ajiye kofinsa. Na ce wa Cor hankalinki ƙalau, ya ba mu makullin.

Ranar Talata muka shiga. A karon farko na ga ɗakin kwananki. Siminti ne, da wata tsohuwar darduma a gaban gado, kuma da gani ya daɗe a haka. Wa aka shimfiɗa wa nasa katakon, ban sani ba, ban kuma bincika ba. Muka ƙarasa ɗaga na falon, muka auna. Falon naki ƙarami ne. Zai rufe ɗakin yarinya da rabin falon Mirjam, sauran rabin ya zauna tsirara, kuma rabin daɓe ba abin da zai tsinana a idon ma'aikaciya. Na san ke ma kin auna, kin kuma san bai isa ba. Me kika shirya yi da sauran, wannan kin tafi da shi.

Bertus ne ya ce, "Wai ƙarƙashin gado wa yake leƙawa?" Kusan duk wanda kika taɓa shimfiɗa wa, gadonsa a jikin bango yake, layin bango kuwa shi ne mafi sauƙin zarewa. Ya fito da wayarsa ya fara kira. Ranar Laraba da safe mutane suka fara sauka daga tarago da katako a hammata, maza da mata, wasu na san su, wasu ban taɓa gani ba. Wani ya kawo falle biyu, wata ta kawo shida ta ce kabad ɗinta ya rufe wurin. Wasu sun koɗe, wasu da tabon taba. Suka jingina a matakala suka tafi harkokinsu.

Matsalar da ba mu zata ba ita ce Mirjam. Labarin yadda aka same ki ya riga mu isa. Muka tarar ta haɗa jakarta, makulli yana kan taga. Ta tare ƙofa ta ce, "Kada ku shigo mini da shi. Katakon da ya kashe ta zan riƙa takawa kullum? Saboda ni ta durƙusa. Gara in koma inda na fito."

Ni ban iya lallashi ba, a wurinki na koyi magana. Na ce mata, "Ta riga ta durƙusa, Mirjam, wannan ba ki da ikon sauya shi. Abin da ya rage a hannunki shi ne ko a banza ta yi." Ta kalle ni kamar za ta mare ni, kuma da ta mara da ban ga laifinta ba. Sai Bertus ya leƙo ta bayana da dami a kafaɗa ya ce, "Haba 'yar ƙanwata, launin nan ma kaɗai ya isa ya kashe mutum, ga mu nan shekara tara muna takawa. Matsa mini, kafaɗata za ta ɓalle." Ta zage shi, ta zage ni, ta wuce mu ta sauka ƙasa. Muka shiga muka fara daga jikin taga, ba mu san ko za ta dawo ba.

Mun gama ɗakin yarinya muna tsakiyar falo ta dawo, idanunta jajur. Ta cire rigar sanyi, ta durƙusa kusa da ni ta ce in nuna mata yadda ake haɗa bakin. Layuka na ƙarshe ita ta shimfiɗa. Akwai ɗaya da ya ɗan karkace a bakin ƙofa, da kina nan da kin sa an ɗaga shi, ni dai na bar shi.

Ranar Alhamis ma'aikaciyar ta zo, ta zagaya, ta shafa ƙasa da tafin hannu, ta ce za ta kira. Ranar Asabar aka kawo Pien da 'yar jakarta. Ban je ba, ba hurumina ba ne. Mirjam ta gaya wa Bertus cewa yarinyar ko zama ba ta yi ba ta kifar da kofin madara a tsakiyar falo, ita kuma ta tsaya tana kallon madarar tana bin tsagin katako, ta rasa ko ta yi faɗa ko ta yi kuka, daga baya ta ɗauko tsumma. Pien ta kwana a ɗakinta, sai yammacin Lahadi aka zo ɗaukarta. Asabar mai zuwa za a sake kawo ta. To kin ji yadda aka ƙare.

Kekenki yana wurina. Akwai wani da za a ba makulli a watan Disamba, kuma ba ni da falle ko ɗaya, ban san yadda zan yi ba tukuna.

Ina miƙa ta'aziyya ga Cor da matarsa Annemiek da 'ya'yansu, Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan rashi. Ina yi wa Mirjam ta'aziyya, da Bertus, wanda ya fi nuna ba abin da ya dame shi alhali ya fi kowa jin mutuwar, da duk waɗanda suka sauko daga tarago ranar Laraba. Ni ba mai yawan zuwa coci ba ne, ke ma ɗakin ƙasansa kika fi sani, amma addu'a ba ta da shinge. Allah Ya jiƙan ki, Riek, Ya yafe miki kurakuranki, Ya yi miki rahama gwargwadon yalwarSa. Jiya Cor ya mayar da makullinki, mutumin kamfani ya duba gidan bai sami abin cewa ba, kin mayar musu da shi siminti zalla kamar yadda suka ba ki. Allah Ya sa inda kika sauka kin tarar an riga an shimfiɗa miki.